Kafin Ka Sayi Metal Da Zobe, A Fara Auna Inji

Mota idan ta gaji takan nuna alama. Za ta riƙa shan baƙin mai. Shuɗin hayaƙi ya riƙa fita ta salansa. Ƙarfinta ya ragu, ta kasa hawa tudu da kaya. Wani lokaci ma ka ji inji yana bugawa daga ƙasa. A nan ne bakanike zai ce maka sai an sauke inji.

Sauke inji aiki ne mai cin kuɗi. Wani mai a-kori-kura sai ya sayar da hatsi ko dabba kafin ya haɗa kuɗin. Abin takaici, wani injin ko wata ɗaya ba ya yi sai ya sake bugawa. Sau da yawa dalilin shi ne an sayo metal ko zobe wanda ba daidai da injin ba.

Metal da lambarsa

A cikin inji akwai wani babban ƙarfe mai juyawa da ake kira karanshaf. Metal shi ne ɗan ɓawon ƙarfe mai laushi da karanshaf yake juyawa a cikinsa. Tsakaninsu akwai 'yar tazara da ba ta wuce kaurin silin gashi ba. Ta nan baƙin mai yake bi.

Sabon karanshaf yana ɗaukar metal mai alamar STD, wato asalin girma. Idan ya ci, ko ya yi zane, sai a kai shi wurin masu yanka su rage kaurinsa ya koma sumul. Tun da ya rage kauri, dole a sa masa metal mai kauri don cike gurbin.

Yankan farko shi ne 010, wanda wasu kamfanoni suke rubutawa 0.25. Na biyu 020, ko 0.50. Na uku 030, ko 0.75. Lambar tana rubuce a bayan metal da kuma jikin kwali.

Idan aka sa STD a karanshaf da aka yanka, tazara ta yi yawa. Mai ba zai tsaya ba, inji zai buga. Idan kuma aka sa 020 a wurin 010, zai matse. Karanshaf ya yi zafi ya cije.

A lura, metal iri biyu ne. Akwai wanda yake riƙe karanshaf a jikin inji. Akwai kuma na hannun fistin. Yana yiwuwa ɗaya ya zama 010, ɗayan 020. Kowanne a tambayi lambarsa daban.

Zobe da fistin

Fistin yana hawa da sauka a cikin ramin da ake kira silinda. Zobe, wanda bakanike yake kira ringi, shi ne yake toshe gefen fistin. Yana hana ƙarfin wuta zurarewa ƙasa, yana hana baƙin mai hawowa sama.

Shi rami idan ya ci, faɗi yake ƙarawa. Idan cin ya yi yawa sai a kai shi a faɗaɗa shi daidai, sannan a sayo fistin da zobe masu girma, duka lamba ɗaya. Galibi lambar tana bisa kan fistin.

Wasu sukan yi dabara su sa babban zobe a tsohon rami ba tare da an gyara shi ba. Wannan kuskure ne. Rami ya fi ci daga sama, ƙasansa kuwa yana nan kusan yadda yake. Idan zobe ya sauka ƙasa sai bakinsa biyu su haɗu. Da ya yi zafi ya buɗe, sai ya karye ko ya kankare silinda.

Don haka a sa zobe shi kaɗai a cikin rami, a auna tazarar bakinsa. A yawancin ƙananan motoci takan kama daga milimita 0.3 zuwa 0.5. Littafin motar shi ne zai faɗi ainihin adadin.

Wasu injuna, kamar na Peugeot 504, ana iya zare silindarsu a sa sabuwa. Irin waɗannan akan sayi silinda da fistin da zobe a haɗe.

Abin da mai mota zai yi

Kada ka sayi komai sai an kwance inji an auna. Ido ba ya ganin bambancin 010 da 020, sai ma'auni. Idan motar ta hannu ce, kada ka ɗauka STD ce, domin mai yiwuwa an taɓa yanka ta.

Ka ce mai yanka ya rubuta maka lambobin a takarda. Ka tafi kanti da takardar da tsohon metal. Ka karanta lambar kwali, ka buɗe ka duba ta jikin ƙarfen, ka tabbata sun zo ɗaya.

Idan an ɗaura metal an shafa mai, ka ce bakanike ya juya karanshaf da hannu a gabanka. Idan ya ƙi juyawa, kada a rufe inji.

Bayan an gama, a bi motar a hankali. Kada a labta mata kaya a kwanakin farko, kuma a sake baƙin mai da wuri.

Wannan bayani ya shafi injin ban ruwa da injin niƙa ma. Tambaya ba ta ɓatar da kuɗi, amma sayen kaya da ka yana jawo biya sau biyu.