Ma'aikatan Kanti da 'Yan Sanda a Ƙasar Ayalan

Jama'a, a darasinmu na yau za mu duba wata tambaya. Idan babban kanti ya karye, ina makomar waɗanda su ke aiki a cikinsa? Za mu ɗauki misali daga Ayalan, wata ƙasa ta Turai. Tsibiri ce, tana yamma da Ingila. Babban birninta Dablin.

Kantin da ya karye

A da akwai wani kamfanin kantuna mai suna Debenhams. Asalinsa na Ingila ne, an kafa shi a Landan tun 1778. Yana sayar da tufafi da takalma da turare da kayan ɗaki. A farkon 2020 yana da kantuna 11 a Ayalan. Huɗu suna Dablin, biyu suna birnin Cork, sauran suna waɗansu garuruwa.

Ciniki ya daɗe yana ja da baya, gama mutane sun koma sayen kaya ta intanet. Cikin 2020 kuma annobar korona ta zo, aka rufe kantuna. Ran 9 ga Afrilu 2020 ma'aikata suna gida, sai ga saƙo ta imel. Aka ce musu kantunan Ayalan ba za su sake buɗewa ba. Uwar kamfani ta Ingila ta janye hannunta. Mutum wajen 1,000 suka rasa aiki rana ɗaya. Yawancinsu mata ne. Waɗansu sun yi fiye da shekara 20 suna aiki.

Yadda a ke rufe kamfani

Mun san yadda a ke yi in mutum ya rasu. Ba a raba gado sai an biya bashi tukuna. To, kamfani ma haka ne. In bashi ya fi ƙarfinsa, sai a kai magana kotu. Alƙali ya naɗa akantoci su zama masu rabo. Daga ranar, kayan kanti sun fita hannun masu kamfani. Masu rabo za su ƙidaya kaya, su sayar, su biya masu bin bashi.

Amma masu bin bashi ba ɗaya su ke ba. Doka ta jera su layi. Wanda ya riƙe jingina yana gaba. Ladan masu rabo ma yana gaba. Haraji da albashin da ba a biya ba suna biye. Sauran jama'a suna baya. Sau da yawa kuɗi ya kan ƙare kafin a kai ƙarshen layi. A maganar Debenhams, babbar kotu ta naɗa masu rabo daga wani kamfanin akantoci mai suna KPMG.

Abin da ma'aikata suka nema

A Ayalan doka ta ce in an sallami ma'aikaci don aiki ya ƙare, za a ba shi kuɗin sallama. Kowace shekara da ya yi aiki, albashin mako biyu, sa'an nan a ƙara mako ɗaya a kan jimla. In kamfani ba shi da kuɗi, gwamnati ce ke biya daga wani asusu. Wannan kam ma'aikatan sun samu.

Amma akwai wani alkawari dabam. Cikin 2016 kamfanin ya yi yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata, mai suna Mandate. Aka ce in sallama ta zo, za a ƙara mako biyu a kan na doka, watau mako huɗu ke nan kowace shekara.

Bari mu yi lissafi. A ce wata mace ta yi shekara 20, albashinta Yuro 400 a mako. Doka ta ba ta mako 41, watau Yuro 16,400. Alkawarin kamfani ya ƙara mata mako 40, watau Yuro 16,000. Kun ga kusan rabin abin da ta sa rai ya rataya ga alkawarin nan. Masu rabo kuwa suka ce babu kuɗin cika shi.

Zaman ƙofa

Ma'aikata suka duba, suka ga abu ɗaya ya rage. Kantuna cike su ke da kaya. Suka ce, kayan nan ba za su fita ba sai an biya mu. Suka tsare ƙofofin da motoci ke ɗaukar kaya. Suka raba kansu ƙungiya ƙungiya, waɗansu da rana, waɗansu da dare. Bazara ta wuce, hunturu ya zo da ruwa da tsananin sanyi, suna nan. Mutanen gari suna kawo musu shayi da abinci.

Cikin Satumba 2020 waɗansu suka shiga cikin kanti a Dablin da Cork suka zauna. A Dablin 'yan sanda suka kama waɗansu, daga baya aka sake su.

Masu rabo suka koma kotu. Cikin Oktoba 2020 alƙali ya ba da umurni, ya hana kowa tare hanyar fitar da kaya. Ku lura da wannan da kyau. Alƙali bai ce ma'aikata ƙarya su ke yi ba. Abin da ya duba shi ne, a hannun wa doka ta sa kayan? Doka kuwa ta sa su a hannun masu rabo.

Daren da 'yan sanda suka zo

'Yan sandan Ayalan, Garda a ke kiransu. Cikin Afrilu 2021, da dare, suka zo da yawa bayan kantin da ke titin Henry a Dablin. Ma'aikata da masu goyon bayansu suka zauna ƙasa a bakin ƙofa, suka ƙi tashi. Aka karanta musu umurnin kotu. Sa'an nan 'yan sanda suka riƙa ɗaukarsu ɗaya ɗaya, suna fitar da su. Motoci suka shiga, aka kwashe kaya. Haka kuma aka yi a garuruwan Tralee da Waterford da Limerick.

Mutane da yawa suka ji zafin abin. Suka ce, matan da ke neman guminsu a ke ɗauka kamar buhu? Suka ce kuma, ana cikin dokar korona, an hana jama'a taruwa, yaya kwasar kaya ta zama aikin gaggawa? Hukumar 'yan sanda ta ce ita umurnin kotu ta ke cikawa. Haka aikin ɗan sanda ya ke. Ba shi ne ke yanke wa ke da gaskiya ba. Takardar alƙali ya ke bi. In takardar ta bar talaka a baya, gyara yana wurin masu yin doka.

Yadda aka ƙare

Gwamnati ta ce ba za ta biya alkawarin da kamfani ya yi ba. Amma ta ware Yuro miliyan 3 don koya wa ma'aikatan sabuwar sana'a. Da fari suka ƙi, suka ce kuɗi su ke so a hannu. Da kaya suka fita, ba sauran abin riƙewa. Ran 20 ga Mayu 2021 aka sanar mafi yawansu sun yarda. Zaman ya ƙare bayan kwana 406. Mako biyun nan na alkawari ba su same shi ba.

To, wahalar banza suka yi? A'a. Tun 2015 wani babban kanti na Dablin mai suna Clerys ya rufe farat ɗaya, mutum 460 suka rasa aiki. Aka yi bincike, aka ba gwamnati shawara cikin 2016, amma aka ajiye ta. Zaman ƙofar Debenhams ya sa aka tuna da ita. Cikin 2024 majalisa ta gyara doka. Ko kamfani ya karye, dole masu rabo su zauna da wakilan ma'aikata, a yi shawara ta kwana 30 kafin sallama. An kuma sauƙaƙa wa kotu ta sa kamfanin da ke da dangantaka da wanda ya karye ya taimaka wajen biyan bashi. Gyaran bai mayar wa matan nan da kuɗinsu ba. Na bayansu ne za su ci amfaninsa.

Abin da za mu riƙe

Haƙƙin da doka ta rubuta ya tsaya ko da kamfani ya faɗi. Alkawarin da kamfani ya yi da kansa ya faɗi tare da shi. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, amma sai mai ɗaukarsa yana tsaye. Saboda haka duk mai shiga aikin albashi ya kamata ya tambaya tun da wuri: cikin abin da aka ce za a ba ni, wanne ne na doka, wanne ne na alkawari? In mai gida ya karye, wa zai biya?

Tambayoyi

1. Kantuna nawa Debenhams ya ke da su a Ayalan cikin 2020?
2. Mene ne aikin masu rabo?
3. Don me ma'aikata suka tsare ƙofofin kanti?
4. Mutum ya yi shekara 10, albashinsa Yuro 300 a mako. Nawa dokar Ayalan ta ba shi?
5. A ganinku, wa ya kamata a fara biya in kanti ya karye?