Kwangilar gwamnati da yaran gari: wa ke koyon aikin?

Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kano a shekarun da kamfanin Julius Berger ke aikinta, ya ga yadda aka raba aiki a wajen Kwanar Dangora. Matasan Kiru da Bebeji su ne masu ɗaga jar tuta, su ne masu gadi da ɗaukar kwanon kankare. Mai greda, da mai auna hanya, da makanikin katafila kuwa, galibi baƙi ne. Aiki na ƙarewa kowa ya kama gabansa, ɗan gari ya koma gona ko acaɓa, hannunsa babu sana'a.

A wasu ƙasashe an daɗe da mayar da wannan batu makin cin kwangila. Ingila ta yi dokar amfanin jama'a a kwangiloli a 2012. A 2015 ta ce duk babbar kwangilar gwamnati da ta kai fam miliyan 10, kuma za ta ɗauki shekara guda ko fiye, a tambayi mai nema yara nawa zai koya wa sana'a. Daga 2021 kuma aka ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na makin tantancewa ga irin wannan amfani. Kamfanin da ya raina koyarwa zai iya faɗuwa ko da farashinsa ya fi sauƙi.

Najeriya ma ta taɓa abin, amma ta wata ƙofa. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, yana karɓar kashi 1 cikin 100 na albashin da kamfani ke biya a shekara, kuma tun gyaran dokarsa a 2011 mai neman kwangilar tarayya sai ya nuna shaidar ya biya. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a Umarni na 5, mai fifita ƙwararrun gida. Sai dai takardar ITF shaidar biyan kuɗi ce kawai; ba ta cewa ko yaro ɗaya ya riƙe sifana. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 kuma ta ce a bai wa mai farashi mafi ƙasa cikin waɗanda suka cika sharaɗi. Wanda ya sa kuɗin koyarwa a lissafinsa, shi ya ɗaga wa kansa farashi.

Duk da haka ɗan kwangila mai hangen nesa yana da ribarsa. Takardun neman aiki suna tambayar ma'aikatan da kamfani ke da su da ƙwarewarsu, kuma wanda ya raini masu walda da ɗaurin rodi nasa ba ya aron sunaye. Ga batun nisa: aiki a Doguwa, bayan dajin Falgore, ko can Riruwai, kawo birkila daga birni na nufin kuɗin mota, da masauki, da fargabar hanya. Yaron garin da aka koya wa aikin a gidansu yake kwana. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takarda. Garin da 'ya'yansa ke cikin aiki ba ya barin a kwashe siminti da dare, kuma dagaci ya fi saurin sasanta rikicin ramin da ake ɗiban ƙasa.

Yankin ma ba baƙon wannan tsari ba ne. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da sauran madatsun da hukumar WRECA ta gina a jihar Kano, sun fitar da direbobin manyan injuna da makanikai da suka ci abinci da sana'ar shekara da shekaru. Aikin shi ne makarantar.

Inda nake da ja shi ne saurin da abu mai kyau ke lalacewa idan ya zama sharaɗi a takarda. Ranar da aka ce koyarwa na ƙara maki, za a ga jerin sunayen da kansila ya kawo, rabinsu ba su san inda aikin yake ba. Wani kamfanin zai kira leburansa masu koyo don ya rage musu lada. Ƙaramin ɗan kwangilar Bebeji mai gina aji biyu, wanda dama da yaransa yake aiki tun suna ƙanana, shi za a kayar don bai iya tsara takarda ba, babban kamfani mai lauya ya kwashe makin.

Kano na da hukumar tantance kwangiloli, ga kuma titunan kilomita 5 na ƙananan hukumomi 44 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta dawo da aikinsu. Nan ne wurin gwaji. A faɗi yawan yaran da za a koya wa aiki gwargwadon girman kwangila, a rubuta sana'ar kowa, a yarda da ubangidan da ya koyar a bakin aiki ko da ba shi da ofis. Kason ƙarshe na kuɗin kuma kada ya fita sai injiniyan ma'aikatar ayyuka ya tsaya yaron ya hau rola ko ya haɗa kalbat a gabansa, an ba shi takardar gwajin sana'a da zai iya nuna wa wani kamfanin.