KANTA A YATSUN MAI KOYON KAƊA JITA

Gabatarwa

Darasin farko da jita ke koya wa ɗalibinta shi ne zafi. Mutum zai ɗauke ta da ɗoki, amma kafin kwana uku sai ya ji kan yatsunsa na hagu yana raɗaɗi kamar ya taɓa garwashi. Da yawa a nan suke jingine ta, suna zaton ba su da baiwar kiɗa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bayyana dalilin wannan zafi, da yadda jiki ke magance shi da kansa ta hanyar yin kanta.

Kanta da Bororo

Kalmar kanta ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ita ce taurin nan da ke fitowa a tafin manomi saboda riƙon hauya, ko a hannun mace saboda taɓarya. Har ma akan ari kalmar a ce wata ɗabi'a ta yi kanta, wato ta zauna ta kafu. Bororo kuwa shi ne kumburin da ke tara ruwa a ƙarƙashin fata. Dukkansu guga ce ke haifar da su, sai dai kanta 'yar yau da gobe ce, bororo kuma ɗan gaggawa ne. Wanda ya fahimci wannan bambanci ya fahimci rabin maganar.

Dalilin Zafi

Jita tana da tsirkiya shida, kuma a jikin wuyanta akwai ƙananan ƙarafa da aka gitta. Kafin sauti ya fita tas, dole makaɗi ya danne tsirkiya da kan yatsa har ta taɓa ƙarfen. To, kan yatsa yana cikin sassan jiki da suka fi yawan jijiyoyin jin taɓi, shi ya sa makaho ke karatu da shi. Ita kuwa tsirkiyar ƙarfe mafi siranta kaurinta bai wuce sulusin milimita ba. Idan aka tara ƙarfin danni a kan abu siriri haka, sai ya nutse cikin fata.

Bugu da ƙari, ba a ɗaure tsirkiyoyin da sako-sako. Jitar ƙarfe, idan an ɗaure tsirkiyoyinta shida daidai, jan da suke yi ya kai wajen kilo 70, ta nailan kuwa wajen kilo 40. Wannan ne ya sa jitar nailan ta fi sauƙi ga sabon hannu. A da can da hanjin tumaki ake yin tsirkiya. A ƙarshen shekarun 1940 ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya jawo ƙarancinta, Albert Augustine ya fito da ta nailan a Amurka, tare da haɗin guiwar shahararren makaɗin Sifen, Andrés Segovia.

Yadda Kanta Ke Samuwa

Fatar ɗan Adam hawa-hawa ce. A can ƙasa ake haifar sababbin ƙwayoyi, su riƙa hawowa suna cika da wani sinadari mai tauri da masana ke kira keratin, wanda shi ne kuma ke cikin farce da gashi da ƙaho. Kafin su iso sama sun mutu, sun zama garkuwa ga na ƙasa. Wannan tafiya takan ɗauki kimanin mako huɗu. Idan wani wuri yana shan guga a kai a kai, sai jiki ya ƙara yawan ƙwayoyin a wurin, garkuwar ta yi kauri. Wannan kauri shi ne kanta, kuma a yatsun mai koyon jita yakan bayyana cikin mako biyu zuwa huɗu.

Amma fa akwai sharaɗi. Idan gugar ta yi yawa a lokaci ɗaya, hawan fata na sama sai ya rabu da na ƙasa, ruwa ya taru a tsakani, bororo ya fito. Daga nan sai hutun dole, aiki ya koma baya. Masu iya magana sun ce zafin nema ba ya kawo samu.

Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Yi

Minti goma ko goma sha biyar kullum sun fi awa uku a rana guda. Ya yanke farcensa, ya danna tsirkiya daf da bayan ƙarfe, domin a nan take bukatar ƙarfi kaɗan. Kada ya kaɗa bayan wanka ko wanki, don jiƙaƙƙiyar fata saurin yagewa gare ta, kuma kada ya ɓanɓare kantar da haƙori. Da hunturu, lokacin da fata ke tsagewa, ɗan man kaɗanya da dare yana da amfani. Idan tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya, mai gyara zai iya sauko da su, ko a sauya su da sirara. Alal misali, Tony Iommi na Ingila, wanda inji ya datse wa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, da siraran tsirkiyoyi da 'yan hulunan roba ya ci gaba da kiɗa har ya shahara.

Sai dai ba kowane ciwo ake daurewa ba. Raɗaɗin fata mai wucewa ne, amma ciwo a wuyan hannu ko gaɓoɓi, ko yatsa ya riƙa mutuwa, alama ce ta cewa riƙon bai yi daidai ba. A nan sai a dakata a gyara, in ya ƙi a ga likita.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa zafin makonnin farko bai nuna rashin baiwa ba, fata ce ke shirya kanta. Ita kuma kanta ba ta dawwama: makaɗin da ya ajiye jita na wasu makonni zai tarar da yatsunsa sun koma laushi, sai ya sake biyan kuɗin shiga.