Me ya sa na'urar kekenka ke maka ƙarya?

Yau maganar 'yan keke za mu yi, musamman masu ɗaura 'yar na'urar nan mai nuna gudu a kan hannun keke.

Abin da mutane ba su gane ba, na'urar nan ba gudu take aunawa ba fa. Ƙirga take yi. Akwai maganaɗisu a jikin wayar taya, duk sanda ya gifta gaban sensa sai ta ƙirga zagaye ɗaya, ta ninka da kewayen tayar da kai ka shigar mata. Idan ka ba ta lambar bogi, to bogi za ta dawo maka da shi.

Misali tayarka 26x1.95 ce, kewayenta wajen milimita 2050, amma na'urar tana kan 2105 na tayar 700x25. Ka yi kilomita 30, ta rubuta maka kusan 31, kana ta cika baki a guruf.

Ni ban cika yarda da jadawalin cikin kwali ba. Ka yi wa taya iska, ka sa alli a ƙasa daidai bawul, ka hau ka gangara har bawul ya dawo ƙasa, ka auna tsakani da tef. Wannan lambar ce taka.

Idan kuwa lambar tsalle take yi ko ta koma sifili kana cikin tafiya, duba maganaɗisun, wataƙila gargada ta karkatar da shi. Tazararsa da sensa kada ta wuce milimita 5. Bai gyaru ba? Canja batir, galibi CR2032 ne.