Ƙwarƙwata: Ɗan Hakin da Ka Raina

A cikin halittun da ke cin arzikin mutumin Haɗeja, daga sauron fadama har tsuntsayen da ke sauka a dausayin Baturiya, babu wadda ta maƙale masa kamar ƙwarƙwata. Girmanta bai wuce ƙwayar riɗi ba. Ba ta da fiffike, ba ta tsalle, sai rarrafe da ƙafafu shida, kowace da ƙugiyar da take damƙar silin gashi. Abincinta jinin mutum kaɗai, tana sha sau da yawa a yini. Ba ta zama a jikin akuya ko kaza, kuma in ta faɗo daga kai ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu sai ta mutu.

Rauninta ke nan, amma ƙarfinta yana ga haihuwa. Macen tana rayuwa kamar kwana 30, kullum tana saka ƙwai biyar zuwa takwas. Tana liƙa kowanne a gindin gashi da wani irin danƙo da sabulu ba ya cirewa, musamman a bayan kunne da ƙeya, inda ɗumi ya fi yawa. Cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwan ya ƙyanƙyashe, bayan wasu kwana goma 'ya'yan su ma sun isa haihuwa. Ƙaiƙayin nan da ke hana yaro barci yawunta ne ke jawo shi, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya fara. Kafin uwa ta ga 'yarta tana susa, baƙuwa ta daɗe da zama 'yar gida. Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙwarƙwata tambarin ƙazanta ce, shi ya sa ake ɓoye ta, ita kuwa ɓoyon ne ke ciyar da ita. Yaran bakin kogi da ke wuni suna ninƙaya ba su tsira ba, domin tana ƙanƙame gashi ta yi sa'o'i cikin ruwa ba ta mutu ba. Hanyarta ita ce kai ya taɓa kai: yara a kan tabarma ɗaya, almajirai a tsangaya, 'yan mata a wajen kitso, sai kuma aron mataji, ɗankwali, hijabi ko hula. A shekarun ambaliya irin su 2020 da 2022, lokacin da ruwa ya kori iyalai a Auyo, Kirikasamma, Guri da Kafin Hausa, da yawa suka fake a makarantu, irin wannan cunkoson shi ne kasuwarta. A nan ma ake tsoron 'yar'uwarta mai zama a ɗinkin tufafi, wadda ita ce ke yaɗa zazzaɓi mai tsanani. Ta kai ba ta ɗaukar cuta, illarta gyambon susa da rashin barci.

Wanda ke jin kunya ya tuna da sahabi Ka'abu ɗan Ujra. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, yana cikin harami ƙwarƙwata ta dame shi har tana zubo masa a fuska. Manzon Allah (SAW) bai kyare shi ba, ya umarce shi ya yi aski ya ba da fansa: azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya. Abin da ya sami sahabi ba zai zama abin gori a kan 'yar firamare ba.

Ga yaro namiji, askar wanzami ta gama magana. Ga mace sai haƙuri: a tsefe kitso, a jiƙa gashi da mai, a bi shi kashi-kashi da mataji mai ƙananan haƙora, duk bayan kwana uku ko huɗu har mako biyu. Akwai maganin shafawa mai suna fametirin a kemis da asibiti. Ba ya kashe duk ƙwai, don haka dole a maimaita bayan kwana 7 zuwa 9, kuma jariri sai an tambayi ma'aikacin lafiya. A duba kowa a gida rana ɗaya, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A wanke ɗankwali da rigar matashi da ruwan zafi a shanya a rana, a tsoma mataji cikin ruwan zafi na minti goma.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kananzir, fiya-fiya da maganin feshin shinkafa da wasu ke zuba wa yara a ka, su ɗaure da leda. Wannan guba ce, tana ratsa fata ta shiga jini, kananzir kuma kusa da murhu gobara ce. Garin neman gira kada a rasa ido.

Iyaye mata, ku duba kan yaranku a hasken rana duk mako. Masu kitso, ku wanke kayan aikinku tsakanin kai da kai. Malaman tsangaya da na boko, ku hana a yi wa yaro dariya, ku sanar da gidansu cikin sirri. Rigakafi ya fi magani.