Kayan Da Ake Saukewa Da Wanda Ake Kai Wa Mai Shi



Ɗan dako a tasha ya san iyakar abin da wuyansa zai ɗauka, in kaya ya yi yawa sai ya rage. Zuciya ma tana da nata kaya, sai dai ba a ganinsa da ido. Shin wanne addini ya ce mu sauke, wanne kuma ya ce mu riƙe?

Na saukewa shi ne gaba da ƙullatar mutum a rai. Lokacin da munafukai suka yi wa Nana A'isha (RA) ƙazafi a Madina, cikin waɗanda suka ɗauki maganar har da Misɗahu. Shi kuwa ɗan'uwan Sayyidina Abubakar ne, talaka, kuma Abubakar ɗin ne ke ciyar da shi. Ku duba fa, 'yar cikinsa aka ɓata wa suna, kuma da bakin wanda ke cin abincinsa! Sai ya rantse ba zai ƙara taimakonsa ba. Wa zai ga laifinsa? Amma aya ta 22 cikin Suratun Nur ta sauka, ta yi kira ga masu falala da wadata su yi afuwa, ta tuna musu su ma suna son gafarar Allah. Nan take Abubakar ya ci gaba da ba shi abin da ya saba. Ba a ce Misɗahu bai yi laifi ba, an ma tsayar masa da haddi. Hukunci ya yi aikinsa, zuciya kuma ta huta. Don haka ba mamaki da aka hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3.

Haƙƙin mutane kuwa ba a jefar da shi a hanya. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) gawar wani mai bashi, bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A ganinmu nan ne mutane suke juya abin: a shekara ana riƙe da baƙar maganar da aka faɗa a wurin biki, amma dala ashirin ta mai ƙosai ko littafin aro, wai ai ya wuce.

To yaya ake sauke irin wannan? A mayar wa mai shi. In ya rasu, a ba magadansa. In an neme su an rasa, malamai sun ce a yi sadaka da shi a madadinsa. Gulma ta fi wuya, don ba kuɗi ba ce balle a ƙirga. Wasu malamai sun ce a je a nemi yafiyarsa, wasu kuma sun ce in bai ji ba, kuma faɗa masa zai tada fitina, a nema masa gafara, a kuma ambaci alherinsa a wurin da aka ci namansa.