Jihohi bakwai da ke riƙe da makullin Fadar White House

Ranar Talata 5 ga Nuwamba 2024 Amurkawa suka zaɓa tsakanin Kamala Harris ta jam'iyyar Dimokurat da Donald Trump na Rifablikan. Kafin zaɓen, kusan kullum sai gidajen rediyo sun kawo mana sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayi: yau Harris ce a gaba a faɗin ƙasa, gobe Trump ya matso. Wanda ya san yadda ake naɗa shugaba a can ba ya tada jijiyar wuya a kan waɗannan alƙaluma, domin yawan ƙuri'un jama'a ba shi ke ba da mulki ba. A 2016 Hillary Clinton ta tsere wa Trump da ƙuri'a kusan miliyan 3, amma Trump aka rantsar.

Abin da mai jefa ƙuri'a ke zaɓa, a zahiri, wakilai ne, su kuma wakilan su zaɓi shugaba. Adadinsu 538 ne. Kowace jiha tana samun wakilai daidai da yawan kujerunta a majalisun tarayya biyu, wato 435 na majalisar wakilai da 100 na dattawa, sai uku da aka ware wa birnin Washington. Duk wanda ya haɗa 270 ya ci. In ban da Maine da Nebraska, ko'ina dokar ɗaya ce: wanda ya yi rinjaye a jiha, ko da ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilanta kaf, ɗayan ya tashi hannu rabbana.

Shekarar 2000 ta nuna inda wannan doka ke kai mutum. Al Gore ya fi George W. Bush da ƙuri'a sama da rabin miliyan a ƙasa baki ɗaya, amma komai ya tsaya a kan wakilai 25 na Filorida. Aka shafe makonni ana ɗaga takardun ƙuri'a sama ana duba ko na'ura ta huda su sosai ko ba ta huda ba. Ranar 12 ga Disamba Kotun Ƙoli, alƙalai biyar a kan huɗu, ta dakatar da sake ƙirga. Tazarar ƙuri'a 537 ce ta ba Bush jihar, da ita ya kai wakilai 271.

To, tunda haka ne, me zai kai ɗan takara Kalifoniya? Wakilanta 54, ta fi kowace jiha, amma tun 1992 Dimokurat take zaɓa, don haka ba a zuwa can sai in an je tara kuɗin kamfe. Jihohin da kowa ya san inda suka dosa an bar su a baya. A 2024 idon kowa ya kasance kan bakwai: Pensilbaniya mai wakilai 19, Jojiya da Karolina ta Arewa masu 16 kowacce, Mishigan 15, Arizona 11, Wiskonsin 10, Nebada 6. Jimilla 93. A 2020 Joe Biden ya fi Trump da ƙuri'a sama da miliyan 7, amma a Jojiya tazararsa 11,779 ce kawai. Da ƙuri'u dubu arba'in da 'yan kai sun juya a Jojiya da Arizona da Wiskonsin, da an yi canjaras, 269 da 269.

Wannan ne ya sa ƙaramin birni irin Dearborn a Mishigan, inda Larabawa da Musulmi suka yi yawa, ya zama abin rarrashi. A zaɓen fidda gwani na Dimokurat a Fabrairun 2024, mutum sama da dubu ɗari a jihar sun jefa ƙuri'ar "ba mu tsai da kowa ba", don nuna wa Biden fushinsu kan yaƙin Gaza. A ƙasa mai mutum sama da miliyan 330 wannan ba wani adadi ba ne. Amma Trump ya ci Mishigan a 2016 da tazarar da ba ta kai dubu goma sha ɗaya ba, kuma 'yan siyasa sun iya lissafi.

Masu kare tsarin sukan ce yana hana manyan jihohi danne ƙanana. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai asalinsa bai kai haka tsarki ba. A taron Filadelfiya na 1787 an amince a ƙirga kowane bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujeru. Bayin ba su da ƙuri'a, amma yawansu ya ƙara wa iyayengijinsu na Kudu wakilai. Huɗu daga cikin shugabanni biyar na farko 'yan Birjiniya ne masu bayi.

Mu ma a Nijeriya mun san tsoron kada yanki ɗaya ya naɗa shugaba shi kaɗai, shi ya sa aka gindaya sharaɗin samun kashi 25 cikin ɗari a biyu bisa uku na jihohi. Sharaɗin ya taɓa haddasa rigima a 1979, lokacin da Shehu Shagari ya cika shi a jihohi 12 cikin 19, a Kano ya tsaya kusan kashi 20, har Kotun Ƙoli ta raba gardamarsa da Obafemi Awolowo. Duk da haka tsarinmu bai yarda wanda ya zo na biyu a yawan ƙuri'a ya hau kujera a zagayen farko ba. A wannan gaɓa dai, a ganina, ba mu da abin koyi a Amurka.

Kada kuma a sa ran canji nan kusa. Gyaran tsarin mulkinsu na buƙatar biyu bisa uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50, kuma jihohin da ke cin moriyar tsarin ba za su yanke hannun da ke ba su ba. Don haka mai karatu, in an fara sanar da sakamako a daren zaɓe na gaba, ƙyale jimillar ƙasa, ka kasa kunne ka ji abin da jihohi irin Pensilbaniya suka ce.